Sharhi Kan Darasin Harbi da Bindigar Iska a Abuja, Musamman Ga Masu Sha'awar Ɗura Harsashi da Hannu

Akwai wata ƙungiyar masu wasan harbi a Abuja da ke koyar da sababbin shiga a duk ƙarshen mako, da bindigar iska, a tazarar mita 10, kuma a kan wannan darasi nata ne zan yi sharhi. Ra'ayina tun daga farko shi ne darasin ya cancanci kuɗinsa da lokacin da ake ba shi, ko da yake akwai gyare-gyaren da ba zan rufe ido a kansu ba. Na fi so sharhin ya kai kunnen matasan nan da ke raba dare suna kallon bidiyon Amurkawa a YouTube suna ɗura harsasai da hannunsu a garejin gida, har sha'awar abin ta shige su, suka fara tambayar inda ake sayar da injin a Najeriya.

Sha'awar tasu ba ta ba ni mamaki ba, domin aiki ne mai jan hankalin duk wanda ke son natsuwa da ƙididdiga. Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, 'yar ƙwayar da ke gindinsa wadda ke tayar da wuta, albarushi, da kuma dalmar da ke fita ta bakin bindiga. Idan aka harba, uku daga ciki sun tafi ke nan, kwanson ne kaɗai ke saura, kuma shi ne ya fi tsada. Wannan ne ya sa maharba a Amurka suka daɗe suna tsince kwansonsu su sake amfani da shi, har kamfanoni suka kafu a kan haka: RCBS ya fara a jihar Kalifoniya a 1943, Lee ya biyo baya a 1958, ga kuma Hornady da Lyman da Dillon. Awon da suke yi da shi ƙanƙane ne ƙwarai, don sai an tara 7,000 nasa kafin a cika laba ɗaya, kuma kuskuren da ido ba ya gani a wajen awon albarushi yana iya tarwatsa bindiga a fuskar mai ita. Dokar tarayyar Amurka ba ta neman lasisi ga wanda ke ɗura wa kansa harsashi ba don sayarwa ba, shi ya sa mai bidiyon yake aikinsa hankali kwance, fuskarsa a buɗe.

A nan Najeriya maganar daban ce, kuma abin da ya fara burge ni da wannan darasi shi ne da dokar aka buɗe shi, tun ba a nuna mana ko gindin bindiga ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta hana kowa ƙera harsashi ko harhaɗa shi sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko masana'antar da aka kafa domin sojoji, irin DICON da ke Kaduna tun 1964. Ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa; na farauta, har da bindigar iska kanta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda; bindigar toka ta maharbanmu kuwa, wadda ake ɗurawa ta baki, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke ba da izininta. Wanda bai kai shekara 17 ba ba a ba shi lasisi. Mutane da yawa a zauren sun yi mamakin jin cewa bindigar iska ma tana cikin lissafi, domin sun ɗauke ta kayan wasan yara.

Mai koyarwar dattijo ne, tsohon soja, mai sanyin murya, kuma kowa Baba yake ce masa. Wani saurayi da ya zo daga Kubwa ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, to idan mutum ya sayo injin daga waje don nishaɗi kawai, ba don ya sayar wa kowa ba fa?" Dattijon ya amsa masa da cewa, "Ɗana, doka ba ta tambayi niyyarka ba, kuma ranar da aka samu albarushi da kwanson harsashi a ɗakinka, a irin halin da ƙasar nan take ciki, ba wanda zai tsaya jin labarin nishaɗi. Amma abin da kake nema a cikin wancan aiki, in ka yi haƙuri, zan nuna maka shi a nan." Na ji daɗin wannan amsa, domin bai kunyata yaron ba, bai kuma yi masa sassaucin da zai kai shi ga hallaka ba. Ni ma ina ganin dokar tana kan daidai. Ƙasar da ke fama da 'yan bindiga a dazuzzukanta ba ta da hurumin barin kowane gida ya zama ƙaramar masana'antar harsashi, komai kyawun zuciyar mai gidan.

Zauren kansa ba wani abin kallo ba ne: dogon ɗaki ne mai layuka 'yan kaɗan, da teburin ajiye bindiga a gaban kowane mai harbi, da akwatin ƙarfe a bayan kowace takardar saiti da ke tare dalmar. Bindigogin na ƙungiya ne, ba a fita da su, kuma ana rubuta sunan duk wanda ya karɓa da lokacin da ya mayar. A fannin kiyaye lafiya ban ga abin kushewa ba. Kowace bindiga da ba a harbi da ita tana da zaren roba mai launin ruwan lemo da aka zura ta cikin bututunta har ya leƙo ta baki, yadda kowa zai gani daga nesa cewa babu komai a ciki. Ba a ɗora yatsa a kan kunama sai an gama saiti, ba a juya bakin bindiga ko'ina sai wajen takarda, kuma idan Baba ya ce a tsaya, ko numfashi ka riƙe kana shirin saki, dole ka sauke. Na ga ya fitar da wani magidanci mai manyan kaya daga layi saboda ya waiwayo da bindiga a hannu zai amsa waya, ya ce masa cikin ladabi, "Alhaji, a yi haƙuri, yau sai dai kallo." Wurin da ake iya faɗa wa babban mutum haka, shi ne wurin da zan yarda in kai ƙanena.

Wasan da ake koyarwa shi ne wanda ya shiga gasar Olamfik a 1984 a Los Anjalas. Faɗin bakin bindigar milimita 4.5 ne, nauyinta ba ya wuce kilo 5.5 bisa ƙa'idar gasa, kuma iskar da aka matse a cikin 'yar tukunya a ƙarƙashin bututu ce ke tura ƙwayar, babu albarushi, babu wuta. Sai mutum ya riƙe takardar saitin a tafin hannunsa zai san girman aikin: duk zagayenta milimita 45.5 ne, kuma makin goma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, wanda daga inda kake tsaye ba ka ganinsa sam. A gasar duniya ana harbi 60 cikin minti 75 a tsaye, ana kuma raba makin har zuwa 10.9, ta yadda cikakken maki ke zama 654. A wannan wasa ne Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinariya a Beijin a 2008, karo na farko da ɗan ƙasar ya ci zinariyar Olamfik shi kaɗai. Ana fara koya wa sabon shiga a zaune, bindiga a kan matashi, sai hannunsa ya faɗa sannan a tayar da shi tsaye, inda zai gane cewa bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya kawar da saiti.

Inda darasin ya fi ƙarfi, kuma inda alkawarin da Baba ya yi wa saurayin Kubwa ya cika, shi ne zaman gwajin ƙwayoyin dalma. Aka jera mana gwangwanaye na kamfanoni uku, RWS da H&N na Jamus da JSB na ƙasar Cek, kowane gwangwani ƙwaya 500. Ƙwayar gasa kanta a shafe yake, don ta huda takarda da rami mai tsabta da za a iya aunawa, tsakiyarta a tsuke, gindinta kuma a buɗe kamar ƙaramin ƙoƙo, wanda iska ke cikawa ya kama jikin bututu. Nauyin kowace ɗaya ya ɗan haura rabin giram. A ƙarƙashin gwangwanin akwai lambar zubi da kuma faɗin kan ƙwayar, 4.49 ko 4.50 ko 4.51, bambancin da bai wuce kashi biyu cikin ɗari na milimita ba, amma bututun wata bindiga ya fi shiri da wannan, na wata ya fi shiri da wancan. Aka ba kowa ƙaramin sikeli na lantarki da madubin ƙara girma. Muka riƙa ɗaukar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, muna duba gindin ko ya lanƙwashe, muna aunawa, muna ware masu nauyi ɗaya a gefe guda, kamar yadda uwar gida ke tsince tsakuwa a cikin shinkafa kafin ta ɗora tukunya. Daga nan aka ɗaure bindigar a kan maƙali don hannun mutum ya fita daga lissafi, aka harba goma-goma daga kowane rukuni a takarda daban.

Sakamakon ya isa hujja. Ƙwayoyin da aka tsince suka bar rami guda mai ɗan faɗi, waɗanda aka ware saboda lanƙwasa kuwa suka watsu har ana iya ƙirga su. Kowa aka sa ya rubuta a littafinsa sunan kamfani, lambar zubi, faɗin kai, yawan iskar da ta rage a tukunya, da faɗin ramin da aka samu. Wannan shi ne ainihin abin da mai ɗura harsashi a Amurka yake yi a teburinsa: ya canza abu ɗaya tak, ya gwada, ya rubuta, ya kwatanta. Duk wanda abin da ke jan sa shi ne awo da haƙuri da neman dalilin da ya sa wannan harbi ya fi wancan, zai same shi a nan ba tare da ya ajiye abin fashewa a gidan da yara ke kwana ba. Saurayin nan shi ne na ƙarshe da ya tashi daga kan sikeli.

Babban abin da ban ji daɗinsa ba shi ne sakacin da ake yi da dalma. Bayan an shafe awa ana murza ƙwayoyi, yatsun kowa sun yi baƙi-baƙi, amma famfon wanke hannu yana can waje bayan ginin, sau da yawa babu sabulu, kuma na ga mutane suna fitowa kai tsaye su sayi gyaɗa da ruwan leda a bakin ƙofa. Na kuma ga ana share ɓarɓashin da ke ƙarƙashin akwatunan da busasshiyar tsintsiya, abin da ke tayar da ƙurar dalma ta shiga hanci, alhali jiƙaƙƙen tsumma ya kamata a sa. Mu 'yan Arewa ba mu da uzurin raina wannan guba, domin a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yawan da ke zauren harbi bai kama ƙafar wancan ba, amma dalma taruwa take yi a jiki sannu a hankali, kuma yara ta fi yi wa illa, ga shi kuwa ƙungiyar na karɓar 'yan makarantar sakandare tare da iyayensu. Wurin da ya tsananta haka a kan bakin bindiga bai kamata ya yi sako-sako da sabulu ba. Na faɗa wa Baba, ya karɓi maganar da kyau, ya ce zai kai ta gaba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Idan aka ɗauke wuta ana ɗan jima kafin a tayar da janareta, hasken da ke kan takardu kuma ba ya komawa daidai yadda yake, wanda hakan ke canza yadda ido ke ganin saiti. Bindigogin ba su kai yawan ɗalibai ba, don haka ana jiran layi, kuma babu ko ɗaya da aka tanada domin bahago. Ana tsayawa sallar azahar a kan lokaci, akwai kuma wurin alwala, amma babu wani lokaci da aka keɓe wa mata, ko da yake wasa ne da mata ke gogayya da maza kafaɗa da kafaɗa a cikinsa, kuma na tabbata da an keɓe da an samu masu zuwa.

Kuɗin darasin ba na kowa da kowa ba ne, gaskiya, kuma dalilin a bayyane yake: ƙwayoyin da bindigogin duk daga Turai ake shigo da su, farashinsu na bin canjin kuɗin waje. Sai dai kuɗin ya haɗa da aron bindiga da ƙwayoyi da takardu da tabaran kare ido, saboda haka sabon shiga ba ya bukatar sayen komai, kuma Baba da kansa yana hana ɗalibai gaggawar neman tasu bindigar, musamman ganin cewa a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Wanda zai je, ya tafi da katin shaidarsa domin ba a rajista sai da shi, ya sa takalmi mai shafaffen ƙasa da riga marar santsi, ya riƙe littafin rubutu da biro, sannan ya saka sabulunsa a jaka har zuwa lokacin da za a gyara wancan famfo. Kafin ya biya ko sisi kuma, a wannan ƙungiya ko wata, ya nemi a nuna masa takardar izinin 'yan sanda da ta halatta musu ajiye bindigogin. A nan an nuna mini ita ba tare da wani ja-in-ja ba.