Ajin ninƙaya, ƙwallo da rawa na ƙananan yara: yadda abin yake a Jamus da Ingila

'Yan'uwa na gida, barkanmu da warhaka. Masu shirin tahowa da iyali kan yi ta tambayar makarantar boko, amma akwai abin da ke cin kuɗin iyaye da lokacinsu a nan wanda ba a cika tambaya a kai ba, wato ajin wasanni da na rawa da ake saka yara tun suna shekara 3.

Ba don gayu ake yi ba. A watan Disamba, a Landan ko Balin, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga sanyi, yaro kuma yana kulle a gidan sama. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2019, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar minti 180 na motsa jiki kullum, minti 60 daga ciki mai sa haki. Ajin minti 45 sau ɗaya a mako ba zai cike wannan gurbi ba. Amfaninsa daban ne: tsayuwa da ƙafa ɗaya, dira ba tare da faɗuwa ba, cafe ƙwallo, jiran layi, da jin umarni cikin harshen ƙasar. Wanda ya biya kuɗi don a mayar masa da ɗan shekara 4 tauraro, ya yi asara.

Jamus ta fi sauƙin kuɗi, nesa ba kusa ba. Kusan kowace unguwa tana da ƙungiyar wasanni da suke kira Verein, yawancin masu horarwa 'yan sa-kai ne. Ana farawa da ajin da uwa ko uba ke shiga tare da yaro, a shimfiɗa katifu, a jera benci da igiyar lilo, yaro ya hau ya sauka yadda ya ga dama. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi gwamnati na ba kowane yaronsu yuro 15 a wata don irin wannan. Matsalar biyu ce: layin jira, musamman na ninƙaya, kan kai watanni, sannan fita daga ƙungiya sai da takarda a rubuce kafin wa'adi. Daina zuwa kawai ba ya hana a ci gaba da cirar kuɗi daga asusunka.

A Ingila wuri ya fi samuwa, aljihu ne ke ji a jikinsa. Kamfanoni da cibiyoyin ƙananan hukumomi ke gudanar da azuzuwan, ana biya wata-wata ko zango-zango. Kafin ka miƙa ɗanka, tambayi ko mai horarwa yana da takardar DBS, wadda ke nuna an bincika tarihinsa. Ba rashin kunya ba ne, sun saba.

In kuɗin aji ɗaya ne a hannu, a sa shi a ninƙaya. Manhajar Ingila ta tanadi yaro ya iya mita 25 kafin ya gama firamare, sai dai darussan da makaranta ke bayarwa ba su cika isa ba. A Jamus lambar farko ta shaidar iya ninƙaya ita ce Seepferdchen: yaro ya yi tsalle daga bakin kwami, ya yi mita 25, ya ɗauko abu daga ruwan da ya kai masa kafaɗa. Nan iyaye ke yin kuskure, su ɗauka an gama. Masu ceton rai na ƙasar sun ce sai mai lambar tagulla, wanda ya yi minti 15 yana iyo, ake ƙirgawa a gwani. Ruwan koyon yara ya kamata ya kai wajen digiri 30. In ya gaza haka, leɓe zai yi shuɗi, haƙora su kama kaɗawa, ba abin da zai shiga kansa.

Ƙwallon ƙafa kuwa, ƙwallo mai girman lamba 3 ake ba ƙanana, a ƙaramin fili da 'yan wasa kaɗan, don kowa ya taɓa. Ba a so su riƙa buga ƙwallo da kai. Amurka ma tun 2015 ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa.

Ajin rawa, kafin ka kalli malama kalli daɓen. Na katako mai ɗan lanƙwasa ake so, domin tsalle a kan siminti, ko da an lulluɓe shi da leda, gwiwa da diddige ne ke biya. Takalmin rawar bale (ballet) ya kama ƙafa kamar safa. In an sayo babba wai don ya daɗe, tuntuɓe za a sha. Takalmin tsayuwa kan yatsu kuma sai yarinya ta kai wajen shekara 11 ko 12, tunda ƙasusuwan ƙafa ba su gama ƙwari ba. Kuɗin aji ba shi ne ƙarshe ba, akwai na kaya, na jarrabawa, da na wasan ƙarshen shekara.

Yawancin wurare suna ba da darasin gwaji. Zauna a gefe da agogo ka ƙirga mintocin da yaron ya yi a tsaye yana jiran a zo kansa. In sun kai rabin lokacin, yara sun yi wa mai horarwa yawa, nemi wani ajin.