Sirolimus na ruwa: kumburin ya sauka, amma bakin 'yata ya ji jiki

An haifi 'yata da kumburi a wuya, likita ya ce hanyoyin ruwan jiki ne suka cuɗe. Da allurar da aka yi mata don kumburin ta kasa, aka ɗora ta kan wani maganin sha mai suna sirolimus. Gaskiya yana aiki: kumburin ya yi laushi, numfashinta ya daidaita.

Sai dai gyambon baki! Har abinci ta riƙa ƙi. Maganin yana rage garkuwar jiki, shi ya sa ɗan zazzaɓi kaɗan sai mu nufi asibiti, an kuma ɗage mata rigakafin ƙyanda. Kitsen jininta ma ya hau. Ga ɗibar jini a kai a kai don auna yawan maganin, abin da ta fi tsana ke nan. A firiji ake ajiye shi, ba a kuma haɗa shi da garehul. Duk da haka ba mu daina ba.