Ƙofar gareji: mai waldan unguwa ko masu ƙofar rimot?

Alhaji, tsakanin mai waldan unguwarku da kamfanin da ya ce zai kafa maka ƙofa mai naɗewa sama da rimot, ni dai ka ba mai walda.

Tawa mai turawa ce a kan taya, wani dattijo a layinmu ya haɗa min ita tun lokacin da muka tare. Tare muka shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa sayen ƙarfe. Mai shago yana ta yaba min falle mai kaurin milimita 1.2, dattijon ya ɗaga shi ya girgiza, ya ajiye, ya ce a kawo mai 1.5. Kafin ya ɗora ƙofar sai da ya sa magini ya zuba kankare a ƙarƙashin ƙarfen da tayar ke bi, ya ɗan ɗaga shi sama da ƙasa don kada ruwan damina ya kwanta masa. Har gobe ɗan firamare da hannu ɗaya yake tura ta. Da ta fara kuka a wani hunturu, na kira shi bayan la'asar, kafin magariba sai ga shi a babur da boris a aljihu. Ya canza, ya share ƙurar da ta taru, ya ce kada in kuskura in zuba giris a inda tayar ke bi, don giris da ƙurar hunturu laka suke zama. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin cefane ba.

Mai naɗewar kuwa, tana da kyan gani, kuma in ba ka da fili a gefe ba ta cin wuri. Yabona ya tsaya nan. Fallayenta sirara ne, mota ta ɗan taɓa ta da baya ta lotsa, daga nan sai ta riƙa cijewa a hanya. Nauyinta kuma sifirin ne ke ɗauka, yawanci an yi shi ne don buɗewa da rufewa kamar sau 10,000, kuma a ɗaure yake tamau. Ba abin da yaron gida zai taɓa da sifana ba ne, yana karya hannu. Ranar da ya tsinke motarka na ciki, sai ka jira ma'aikacin kamfani, wanda wataƙila daga wani gari zai taso, kuɗin motarsa kuma a kanka.

In rimot ɗin ne ya ja hankalinka, ai ba ka rasa shi ba. Ita ma mai turawa ana sa mata inji daga baya. Injin Centurion D5, na Afirka ta Kudu, yana jan ƙofa har mai kilo 500, kuma da batir mai volt 12 yake aiki, don haka ko an ɗauke wuta zai buɗe maka. Ka dai sa masa na'urar kariya daga wuta mai ƙarfi, ka kuma ce a nuna wa mutanen gida yadda ake sakinsa a tura da hannu.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu nuna maka samfurin ƙarfe mai kauri su yi aiki da siriri, su lulluɓe da fenti mai sheƙi. Da an fesa fenti, zance ya ƙare. Ka sayi ƙarfen da kanka ko ka tsaya a auna a gabanka, ka kuma je ka ga ƙofar tun tana tsirara, ka tabbata an fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa. Akwai kuma masu sa tsohon inji a sabon kwali. Kuɗi kada ka bayar gaba ɗaya: kafin alƙalami, sai rabi in an gama haɗawa, ciko bayan an kafa ka tura da hannunka.

Kada ka yarda da hotunan waya. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekarun baya, ka tambayi mai gidan ko yana ɗaga waya in an kira shi gyara. Sannan ka tsaya a kai ya walda abin tsayarwa a ƙarshen hanyar tayar ta kowane ɓangare, da tayoyin riƙo a sama, tunda ƙofa mai wannan nauyi in ta zarce faɗowa take yi, ga yara na wasa a bakin get.