Sabar ta ƙi tashi bayan sabunta manhaja: wace hanyar ceto ta cancanci kuɗinka?

Tun da wa'adin CentOS 7, babbar manhajar Linux da sabar ke gudana a kanta, ya ƙare ranar 30 ga Yuni, 2024, masu sayar da masaukin shafukan intanet a kan cPanel, manhajar sarrafa asusun kwastomomi, suke ta ƙaura zuwa wata Linux ɗin, AlmaLinux 8. Da yawa ta ELevate suke bi, wadda ke sauya babbar manhajar a kan sabar ɗin da ake aiki da ita ba tare da an kwashe komai ba. Aikin na buƙatar sabar ta mutu ta tashi fiye da sau ɗaya, kuma a nan ne takan maƙale: SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, ba ya amsawa, WHM, shafin da mai sabar ke gudanar da cPanel, ba ya buɗuwa, shafukan kwastomomi sun ɗauke gaba ɗaya, waya kuma sai ƙara take yi. A irin wannan hali mutum kan biya duk wanda ya fara ce masa zai gyara. Dakata tukuna.

Abin da ya lalace galibi manhajar ce, ba kayan kwastomomi ba. Fayilolinsu da wasiƙunsu na imel suna nan a /home, rumbunan bayanansu a /var/lib/mysql, bayanin kowane asusu a /var/cpanel/users, na DNS (wanda ke haɗa sunan shafi da adireshin sabar) kuma a /var/named. Saboda haka abu na farko da za ka saya shi ne wurin ajiya mai girman faifanka. Kamfanoni irin su Hetzner da OVH suna da yanayin ceto, wato wata ƙaramar Linux da ke tashi daga wajen faifanka ta ba ka damar duba abin da ke cikinsa. Ka shiga ta nan ka kwafe komai zuwa wani wuri kafin kowa ya taɓa komai. Duk wata hanya da za ka zaɓa daga baya, wannan kwafin ne zai ba ka damar ja da baya idan ta ƙi.

Idan VPS ce, wato sabar da aka yanko daga cikin babbar na'ura, kuma ka ɗauki hoton faifai (snapshot, kwafin faifan gaba ɗaya) kafin ka fara, to ka huta. Mayar da hoton ka koma inda kake. Abin da za ka rasa shi ne wasiƙu da odar da suka shigo bayan ɗaukarsa, kuma waɗannan ma kana iya tsamo su daga kwafin da ka yi. Sai dai ka koma ne kan CentOS 7 wadda ba ta samun facin tsaro, sai in ka sayi tallafin ƙarin wa'adi irin na TuxCare. Wannan sayen lokaci ne, ƙaurar tana nan tana jiranka.

Hanyar da ta fi jan hankalin mutane ita ce ɗaukar ƙwararre ya gyara sabar a inda take, don ba sabon haya, ba sauya adireshin IP. Wani lokaci ita ce daidai. Idan GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ne ya rikice, ko sunan katin sadarwa ya canza har sabar ta tashi ba tare da intanet ba, gyaran ba ya daɗewa, daga nan a ci gaba da ELevate daga inda ta tsaya. Fayil ɗin /var/log/elevate-cpanel.log zai nuna matakin da ta kai. Amma idan ta tsaya ne a tsakiyar sauya fakitoci, rabi na tsohuwar manhaja rabi na sabuwa, ban ba ka shawarar biyan kowa ya yi ɗinki ba. Za ta iya tashi yau, wata mai zuwa sabuntawa ta farko ta sake kayar da ita, kuma ba wanda zai iya gaya maka ainihin abin da ke cikinta. Masu irin wannan aiki da awa suke caji, awannin kuma ba su da iyaka.

Ni dai inda nake kai kuɗina shi ne sabuwar sabar mai tsabta, a zuba mata asusun ɗaya bayan ɗaya. Lasisin cPanel yana ɗaure ne da adireshin IP, amma sabon adireshi kan samu gwajin kwana 15 kyauta, wanda ya isa a gama ƙaura. Sauƙin aikin ya danganta da irin ajiyar da kake da ita. Mai fayilolin ajiyar cPanel a wata ma'ajiya ta waje, nasa mai sauƙi ne: umarnin restorepkg na cPanel zai dawo da asusu da imel da rumbun bayanai a dunƙule, sannan a yi amfani da rsync, manhajar kwafe fayiloli, a ɗauko abin da ya ƙaru daga tsohon faifan. Kada ka sa rai da Transfer Tool, kayan aikin ƙaurar asusu na WHM, domin yana buƙatar tsohuwar sabar tana raye tana amsa SSH.

Wanda ba shi da ajiya, ko ajiyarsa ta yi watanni, nan ne ya kamata ya biya ƙwararre na gaske, kuma a kan rumbun bayanai zai biya shi. Kwafe hotuna da fayilolin WordPress kowa zai iya. Amma teburan InnoDB, tsarin da MySQL ke adana bayanai da shi, ba a ɗaukar jakar rumbu guda a jefa ta cikin sabuwar sabar a ce an gama. Suna tafiya ne tare da wani fayil na haɗin gwiwa mai suna ibdata1, don haka sai an tayar da jakar /var/lib/mysql ɗungurungum a ƙarƙashin manhajar rumbun bayanai, MySQL ko MariaDB, mai lambar siga ɗaya da ta tsohuwar sabar, a fitar da kowane rumbu da umarnin mysqldump, sannan a shigar da shi a sabon wuri. Idan rumbun ya ƙi tashi akwai saitin tilasta masa tashi, innodb_force_recovery, mai matakai daga 1 zuwa 6, kuma daga 4 zuwa sama yana iya lalata bayanai har abada. Ka ga dalilin da ya sa a kan kwafi ake wannan aiki, ba a kan asali ba. Ga mai kantin intanet ko makarantar da sakamakon ɗalibanta ke cikin rumbun, nan ne dukiyar take.

Tambaya biyu sun isa ka tantance mai gyara. Ka ce masa mene ne zai fara yi. In bai ambaci kwafe faifai ba, nemi wani. Sannan ka tambaye shi yadda zai fitar da rumbunan bayanai. Ku yi ciniki a kan adadin asusun da suka dawo suna aiki, ba a kan awa ba, kuma ka canza kalmar sirrin root, babban asusun sabar, da zarar ya gama.

Akwai kuɗaɗen da ba a cika lissafa su ba. Tsofaffin shafuka da aka gina a kan tsohon sigar yaren shirye-shirye na PHP, wato 5.6, ba za su yi aiki a sabuwar sabar ba sai an gyara su, ko an sayi lasisi irin na CloudLinux mai riƙe da tsofaffin PHP. Sauya adireshin IP kuma na nufin jira: TTL, wato tsawon lokacin da ake riƙe tsohon adireshi kafin a sake tambaya, wanda cPanel ke sawa shi ne daƙiƙa 14400, wato awa huɗu, a cikinsu wasu wasiƙu za su ci gaba da neman tsohon adireshi. In kamfaninka zai yarda ya mayar da tsohon IP ɗin kan sabuwar sabar, karɓi wannan ko da da ɗan ƙarin kuɗi.

Tsohuwar sabar kuma kada ka soke hayarta ranar da shafuka suka dawo. Biya mata wata guda, ko da kuɗin waje ne kuma yana ciwo, domin sai bayan mako ɗaya ko biyu wani kwastoma zai kira ya ce akwatin imel ɗin akawunsa babu komai, ko aikin cron, mai gudana da kansa a kan lokaci, da ke tura masa rasit ya daina.