Jallaba, Zazzau da masu tallar nono: finafinai uku da na kalla kwanan nan

Mutumin Daura mugun ɗan kallo ne idan aka zo fim ɗin sarauta. Tun yana goye a bayan uwarsa yake ganin hawan Sallah da hawan Magajiya da bikin Gani. Ya san yadda dogari yake tsayuwa, ya san ba a shiga gaban sarki da takalmi, ya san rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne. Ya kuma san sarki ba ya ɗaga murya, ƙasa-ƙasa yake magana, fadawa su amsa da ƙarfi. Shi ya sa da zarar fim ya nuna mana sarki yana zazzare ido yana yi wa waziri tsawa, sai ka ga mutanen ɗakin sun fara duba wayoyinsu.

Finafinai uku na kalla kusa da juna a 'yan kwanakin nan: Mai Martaba, Amina da The Milkmaid. Babu sabo fil a cikinsu, amma dukkansu labarin Arewa ne da aka kashe wa kuɗi don a nuna wa duniya, saboda haka sun cancanci a jera su wuri ɗaya a auna. Na kalle su tare da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ba ta jin Turanci kuma ba ta bin rubutun da ke gudu a ƙasan hoto. Duk fim ɗin da ya iya riƙe ta har ƙarshe, a wurina ya yi abin kirki.

Da Mai Martaba zan fara, don namu ne ta wani ɓangare: a nan Daura aka ɗauke shi. Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, shi ya ba da umarni, ya fito a 2024, kuma Adam A. Zango na cikin manyan 'yan wasansa. Labarin wata ƙirƙirarriyar masarauta ce mai suna Jallaba, wadda ta yi arziki da fataucin Sahara, sai gidajen sarauta suka shiga rikicin gadon mulki bayan sarki ya nuna yana son 'yarsa, Gimbiya Sangaya, ta gaje shi.

Abin da ya fara kama ni shi ne ƙasar kanta. Jar ƙasar nan tamu, katangun laka, hasken rana mai dukan ido, ƙurar da doki ke tayarwa. Ba a je wani gidan alfarma aka rataya labule aka ce mana fada ce ba. Sannan da Hausa ake magana daga farko har ƙarshe, Hausar da za ka ji nauyinta a bakin dattijo. Wannan kaɗai ya sa Gwaggo ta gyara zama, ta ture kwanon gyaɗar da take ɓarewa gefe.

Da rikicin ya kankama a kan ko mace za ta hau karaga, sai ta juyo ta dube ni.

"Kai, mi ne ne abin faɗa a nan? Mace ba ta taɓa riƙe gari ba?"

Na ce, "Gwaggo, ai labari ne, ba Daura ba ce."

"To a Daura suka zo suka yi shi. Su tambaya mana."

Tana da gaskiyarta. A garin da rijiyar Kusugu take, inda kowane yaro ya san Daurama ce ke mulki lokacin da Bayajidda ya iso ya kashe macijiya, inda tarihi ya lissafa jerin sarauniyoyi tun daga Kufuru kafin sarauta ta koma hannun maza, inda har gobe akwai sarautar Magajiya, batun mace a kan karaga ba baƙon abu ba ne. Wannan ya sa fim ɗin ya fi daɗi a nan fiye da yadda zai yi wa ɗan wani gari, domin muna kallonsa da wani tsohon labari a bayan kunne. Amma kuma shi ne ya sa na so a ce an ba Sangaya fili fiye da haka. Na so in zauna da ita, in san me take tsoro, me take so wa kanta ban da abin da mahaifinta ke so mata.

Babban aibinsa a wurina gaggawa ce. Fim ne gajere, zama ɗaya ake gama shi, ga gidaje da sunaye da tsohuwar gaba da aka ɗora masa. Kafin ka gama gane wane ne ɗan wane, an riga an zare takobi. Labari irin wannan yana son numfashi. Duk da haka ina ba da shawarar a neme shi, musamman matasan garin nan da ba su taɓa ganin unguwanninsu a fim ɗin da ya fita waje ba. Shi Najeriya ta tura gasar Oscar karo na 97, a rukunin finafinan ƙasashen waje. Bai kai zagayen ƙarshe ba, amma a tuna cewa a 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga wannan rukunin saboda Turanci ya yi masa yawa. Wato Hausar da wasu ke ganin za ta hana fim tafiya, ita ce ta buɗe wa wannan fim ƙofa.

Amina kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Izu Ojukwu ne ya ba da umarni, ya hau Netflix a 2021, Lucy Ameh ta fito a matsayin Sarauniya Amina ta Zazzau, Ali Nuhu ma yana ciki. An kashe kuɗi, hoton ya yi kyau, dawaki da fagen yaƙi ba laifi, har ya ci kyautar fim mafi kyau a gasar finafinai ta tashar Africa Magic (AMVCA) ta 2022. Sai dai Zazzagawan ƙarni na 16 ne ke ta zuba Turanci, ana jefa 'yar Hausa jefi-jefi don ado. Gaisuwar fada ba a Turanci take ba. Kirari ba ya fassaruwa ya tashi da ransa. Da aka cire waɗannan, sai ya zama kayan namu ne a jikin mutanen da ba mu sani ba. Gwaggo ta tambaye ni sau ɗaya me suke cewa, na fara yi mata tafinta, kafin in kai ƙarshen jimla ta miƙe ta ce za ta duba tukunya. Ba ta dawo ba. Wanda ke son kallon yaƙi da ado ya kalla, zai samu abin da ya zo nema. Malamin makarantar da ke tunanin nuna wa ɗalibai shi a matsayin tarihin Zazzau, ina roƙonsa ya haƙura.

The Milkmaid ne ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ne na fi shakkar ba kowa shawarar ya kalla.

Desmond Ovbiagele ne ya rubuta ya kuma ba da umarni, ya fito a 2020, an ɗauke shi a Jihar Taraba, yawancinsa da Hausa, da ɗan Fulatanci. Labarin 'yan'uwa biyu ne, A'isha da Zainab, 'yan Fulani masu tallar nono, waɗanda masu tayar da ƙayar baya suka auka wa ƙauyensu. Anthonieta Kalunta ce A'isha, Maryam Booth kuma Zainab. Mai fim ɗin ya bayyana cewa hoton da ke bayan takardar naira goma ne ya sa shi tunanin labarin: me zai faru da waɗannan mata biyu masu ƙwarya a ka idan rikicin ya rutsa da su?

Da na faɗa wa Gwaggo haka, sai ta kwance bakin zaninta, ta fito da 'yan canjin da ta ƙulle, ta lalubo wata naira goma da ta sha jiki har jan launinta ya koɗe. Ta juya bayanta, ta matsa kusa da hasken talabijin, ta kai ta dab da ido. Ga su nan su biyu, ƙore a ka, kamar yadda suke tun fil azal. Ta ce shekara da shekaru tana kashe kuɗin nan ba ta taɓa lura da akwai mutane a jiki ba. (Ba laifinta ba ne, yanzu naira goma ko ruwan leda ba ta saye, wa zai tsaya duba ta?)

Abin da fim ɗin ya yi da ban ga wani ya yi ba shi ne, bai tsaya a ranar harin ba. Ya bi matan cikin daji ya nuna abin da zaman can ke mayar da mutum. Lokacin da A'isha ta kai ga 'yar'uwarta, Zainab ta riga ta zama tasu, ta samu matsayi a cikinsu, ba ta kallon kanta a matsayin wadda ke jiran ceto. Maryam Booth ta yi wasan da ban taɓa ganin ta yi a Kannywood ba. Babu kukan nan na jan majina da aka saba, fuska ce kawai a ɗaure da ido mai sanyi, kuma ya fi kukan ban tsoro. Ba mamaki ta ci kyautar mataimakiyar jaruma a gasar finafinan Afirka ta AMAA ta 2020, inda fim ɗin ya kwashi kyaututtuka biyar har da na fim mafi kyau. Shi ma Najeriya ta tura shi Oscar.

Mu a Jihar Katsina ba za mu kalli wannan a matsayin labarin nesa ba. Gaskiya ne masu aƙidar da aka nuna a fim ɗin daban suke da 'yan bindigar da suka addabi Batsari da Jibiya da Safana da Faskari, amma uwar da aka ɗauke wa 'ya ba ta tambayar aƙidar wanda ya ɗauke ta. A watan Disamban 2020, shekarar da fim ɗin ya fito, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kuma tambayar da fim ɗin ya yi, wato yaya gari ke karɓar macen da ta dawo daga daji, tambaya ce da ake yi a gidaje da yawa a jihar nan cikin raɗa. Saboda haka kada a kunna shi a tsakar gida yara na zaune. Kada kuma a kunna wa wanda nasa ke hannu, ko wanda bai daɗe da karɓo nasa ba.

Yana da nasa rauni. Ya yi tsawo, kuma yana yawan tsalle tsakanin jiya da yau, har sai da na riƙa tsayar da shi ina warware wa Gwaggo inda aka kwana. Hausar wasu 'yan wasan ta gabas ce, kunnen Bakatsine zai ji ta wani iri da farko, amma ai a can labarin ya faru, don haka ban ɗauke shi laifi ba. Ta zauna har ƙarshe. Da aka gama ba ta ce komai a kan fim ɗin ba, sai ta ce in kira mata 'yarta da ke aure a Dutsin-ma ta ji muryarta.

Na san da yawa za su ce duk wannan ba shi ne abin da ake kallo a gari ba, kuma haka ne. Je ka shagon masu tura finafinai a bakin tasha ka gani. Yaro na zaune gaban kwamfuta, wayoyin caji sun harɗe a kan tebur, janareto na kuka a waje, mutane sun miƙo wayoyinsu ta saman kafaɗar juna. "Malam, me za a sa maka, fassarar Indiya ko ci gaban na makon jiya?" Waɗannan biyun su ne kasuwa. Finafinai masu dogon zango sun cinye komai tun wajen 2020, lokacin da Izzar So na Lawan Ahmad, ɗan Bakori a nan jiharmu, ya karɓu a YouTube, Labarina na Aminu Saira kuma ya mamaye gidaje ta Arewa24.

Ina kallonsu, kuma ina jin daɗinsu. Labarina ya fi sauran iya rubuta zance, musamman ɓangaren Alhaji Mainasara, mai kuɗin da ya ɓad da kama ya koma talaka don neman wadda za ta so shi tsakani da Allah. Sadiq Sani Sadiq ya riƙe wannan rawar da kyau. Izzar So kuma ya samu shiga ne saboda Umar Hashim, jarumin labarin, irin yaron da kowace uwa ke so ta haifa ne. Matsalar masu dogon zango gaba ɗaya ita ce ba a son a gama. Abin da za a faɗa a minti biyar sai a ja shi mako uku, a shiga mota a nuna, a fito a nuna, a yi sallama a amsa a sake gaisawa, sannan talla ta katse. Bayan ka ga abin da The Milkmaid ya ɗauko ya sauke a zama guda, haƙurinka da wannan jan rai yana raguwa.

Ga wanda zai bi masu dogon zangon, gara ya kalla a tashar masu fim ɗin ta YouTube maimakon shagon tura, domin abin da ka ba yaron shago ba ya isa hannun wanda ya biya 'yan wasa, tallar YouTube kuwa tana isa. Idan data ce matsala, a rage ƙarfin hoton zuwa 360, masu dogon zango zance ne yawancinsu, ba abin da zai ɓace maka. Mai Martaba da The Milkmaid ne ba su jure ƙaramin allo. Waɗannan a nemi talabijin ko majigi, a jira dare, a kuma tabbatar akwai mai a janareto kafin a fara.