Daga Ingila Zuwa Zariya: Koyar da Wasan Kwaikwayo da Bidiyon Dandamali

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa masu koyar da adabi a Zazzau, daga Birni da Tudun Wada har Sabon Gari da Samaru. Allah Ya ƙara lafiya. Rahoto ne nake kawo muku a kan wani abu da makarantun sakandaren Ingila ke mora wanda ba mu da shi a gida, wato wasan dandamali da aka ɗauka a bidiyo don a koyar da shi a aji.

Babban gidan wasa na ƙasa da ke Landan, National Theatre, ya fara haska wasanninsa kai tsaye a gidajen sinima a 2009. A 2019 ya buɗe rumbun intanet mai suna National Theatre Collection. Makarantun gwamnati na Birtaniya kyauta suke shiga, makarantun kuɗi da na ƙasashen waje kuwa kuɗin shekara suke biya. Akwai kuma wani rumbun mai suna Digital Theatre+, shi ma na biya ne. Bidiyon na zuwa da rubutun magana a ƙasan allo da takardun jagora na malami.

Ba a situdiyo ake ɗaukar su ba. A gaban 'yan kallo na gaske ake yi, da kyamarori da yawa, bayan an yi gwajin kyamara kafin ranar, kuma ana ɓoye 'yan ƙananan makirufo a gashin 'yan wasa ko a tufafinsu. Shi ya sa ko raɗa aka yi, yaron da ke bencin ƙarshe zai ji.

Abin da ya fi dacewa mu ara shi ne yadda malami ke sarrafa bidiyon. Ƙwararren malami ba ya kunna wasan awa biyu da rabi ya koma gefe. Fitowa ɗaya yake tsinkowa, ta minti uku zuwa biyar. Ɗalibai su fara karanta ta a littafi, a ture kujeru su tashi su gwada ta da kansu, sannan a kunna. Idan aka fara da kallo, kwaikwayon ɗan wasan kawai za su yi, tunaninsu bai yi aiki ba. Bayan kallo na farko sai a maimaita ba sauti, a tambaye su wa ke da iko a wannan fage, kuma da me suka gane. Da tsayuwa? Da tazarar da ke tsakanin mutum biyu? Da wanda ya juya wa wani baya? A tsayar da hoton a wuri guda, kowa ya zana dandamalin a takarda ya sa alamar inda kowane ɗan wasa yake. In akwai shiri biyu na wasa ɗaya, a jera su, nan ɗalibi ke gane cewa rubutu guda na iya haifar da wasa iri-iri. Duk wannan yana shiga darasin minti 40. A jarrabawar GCSE ta wasan kwaikwayo, wadda ake yi a kusan shekara 16, akwai sashen rubuta sharhi a kan wasan da ɗalibi ya kalla, don haka wannan horo yana da maki.

Yana da aibi. Kyamara ce ke zaɓa wa mai kallo abin da zai gani. A gidan wasa idonka na da 'yanci, kana iya barin mai magana ka dubi wanda ya yi shiru a lungu. A bidiyo da zarar an matso da fuska, sauran dandamalin ya ɓace. Wannan ya fi yi wa yaranmu illa, domin mafi yawansu fim ɗin Kannywood ne ma'auninsu na wasan kwaikwayo, sai su ɗauka dandamali ma fim ne wanda ba a tace ba.

A ganina, makarantar sakandare a Zariya ba ta da dalilin sayen wannan rijista. Rumbun na kallo ne ta intanet, ba a saukewa a ajiye. Hoto mai kyau yana cin giga 2 zuwa 3 a awa guda, kuɗin rijistar da kuɗin waje ake biya, wasannin kuma yawanci na Turanci ne da lafazin da ɗan aji huɗu zai sha wuya kafin ya kama. Sashen wasan kwaikwayo na jami'a zai iya amfana da shi. Abin da sakandare ke buƙata namu ne, da Hausa.

Kuma muna da abin ɗauka. Jami'ar Ahmadu Bello tana da Drama Village a Samaru, gidan wasa na ginin laka da mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ya tsara a tsakiyar shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, kuma daga nan ne masana wasan kwaikwayo irin su Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka fitar da wasa zuwa ƙauyuka da unguwanni. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na jami'ar suna shirya wasanni duk shekara, a yi, a tafa, a watse. A gefe guda ga yara suna karanta wasanni irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi a ajin Hausa, ba su taɓa ganin ko fitowa ɗaya a tsaye ba. Wannan yana damuna ƙwarai.

Don ɗaukar irin waɗannan wasanni a bidiyo, waya uku sun isa. Ta farko a kafa ta a kan ƙafa mai uku, a tsakiyar baya, sama da kawunan 'yan kallo, ta ɗauki dandamalin gaba ɗaya, kada kowa ya taɓa ta har a gama. Ita ce hoton koyarwa. Ta biyu a gefe, mai bin mai magana daga kwankwaso zuwa sama. Ta uku sauti kawai za ta naɗa, a ajiye ta a bakin dandamali, taku biyu ko uku daga 'yan wasa, a kan tsumma ko soso don kada takun ƙafa ya shiga. Mafi yawan bidiyon da ke lalacewa sauti ne ke kashe su, domin wayar da ke baya tarin 'yan kallo da kukan yara take kamawa. Kafin a fara, mutum ɗaya ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamarorin. Da wannan tafin za a daidaita sauti da hoto wajen haɗawa. A fili irin na Drama Village, lokacin hunturu iska na busawa cikin makirufo, sai a rufe shi da soso. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, a bayan gini.

Fitilar dandamali na sa fuska ta yi fari fat, musamman in ɗan wasa na sanye da farar riga a gaban baƙin labule. A kunna fitilun tun kafin mutane su shigo, a danna fuskar wani a allon wayar a riƙe har haske da saiti su kulle. In ba a kulle ba, hoton zai yi ta dushewa yana dawowa duk lokacin da wani ya gifta. A sa wayoyin a yanayin jirgin sama don kada kira ya yanke ɗauka, a cire musu riga saboda zafi, a jona su da fawa banki. Hoton 1080 na iya cin giga 8 a awa, don haka a share wuri tun da rana. Daga baya manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, za ta matse shi ya shiga filas.

Wajen nunawa, ƙananan majigin nan masu araha ba sa aiki a ajin da rana ke shiga. Majigi mai hasken lumen 3,000 shi ne daidai, amma yana jan kusan wat 300. Talabijin mai inci 43 ba ta kai wat 100 ba, ƙaramar inbata da batir ɗaya za su riƙe ta darasi biyu, sai dai a raba aji gida biyu in ɗaliban sun haura 50. Sifika ta daban dole ce.

Kafin a kafa kyamara a nemi izini a rubuce daga marubucin wasan ko magadansa ko kamfanin da ya buga littafin, da darakta, da 'yan wasa, da iyaye in yara ne. A nan Ingila ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan. A ajiye kwafi uku a wurare daban-daban. Kowane kwafi ya tafi da takarda guda mai nuna minti da daƙiƙar da kowace fitowa ta fara da shafin da ta dace da shi a littafin, don kada malami ya cinye rabin darasi yana laluben wuri.