Asusun karant na bankin da ba ruwa: ya cancanci a bar tsohon banki dominsa a Zariya?

Daga 25 ga wata zuwa sama, wanda ya bi ta PZ, unguwar bankuna a Zariya, ya san yadda wurin yake zama. Layin ATM ya fito har bakin titi, kowa ido a kan waya yana jiran alat. Mai bashin banki a kansa alat biyu yake samu a jere. Na farko albashi ya shigo, na biyu kuma, tun bai mayar da wayar aljihu ba, an zare abin da aka zare. Wannan alat na biyu ne ke sa malaman makaranta, ma'aikatan ABU da na asibitin Shika, har da 'yan kasuwar Sabon Gari, suke shawarar kwashe asusunsu su koma bankin da ba ya harkar ruwa.

Hukuncinmu a kan irin wannan asusu shi ne: yana toshe ƙofar bashi mai haihuwa, kuma ba don komai ba ko don wannan ya isa a duba shi. Amma wanda ya je da zaton zai daina ganin caji gaba ɗaya zai dawo yana ƙorafi.

Bari mu fara da ciwon. Obadiraf shi ne banki ya bar ka ka ciri abin da ya wuce kuɗinka, asusu ya shiga mainos, sai kuɗi ya shigo ya cike ramin. Ɗan'uwansa shi ne bashin albashi da ake danna wa a manhaja ko ta lambar USSD, wanda ke faɗowa cikin minti biyu. Sauƙin ne tarkon. Ana faɗa maka ruwan a kan rana ko a kan wata, lambar ta yi kama da ba komai. A ce an rubuta 0.3 cikin ɗari a rana, ka ci naira 100,000. Naira 300 ke nan kullum, 9,000 a kwana 30, ban da kuɗin gudanarwa da ka'idar Babban Banki ta yarda a ɗauka har kashi 1 cikin ɗari, ban da inshora in akwai. Idan ranar biya ta zo albashi bai shigo ba, abin da ma'aikaci ba shi da iko a kai, sai tarar jinkiri ta hau, har kashi 1 cikin ɗari a wata a kan abin da ya rage, ruwan kuma bai tsaya ba. Albashin da ya zo a gutsure ba zai kai ƙarshen wata ba, sai a sake dannawa. Haka mutum zai shekara yana cin watan gobe a yau.

Akwai kuma mainos ɗin da ba kai ka nema ba. Ka share asusu tas a tsakiyar wata, ƙarshen wata banki ya tara kuɗin alat da na kula da asusu ya ɗora, ba abin cirewa, sai ya zauna yana jiran kuɗin farko da zai shigo. Shi ya sa wani zai turo maka 20,000 ka ga 19,000 da 'yan kai.

A bankin da ba ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, an gina asusun karant ne a kan ƙardi: kai ne ka ranta wa banki kuɗinka, zai mayar maka duk lokacin da ka nema, ba ƙari ba ragi. Ba a ranta maka tsabar kuɗi a kan ruwa, saboda haka wancan maɓalli na tsakar dare babu shi. Idan kana son firiji, babur ko kayan shago, hanyar murabaha ake bi. Ka kawo takardar farashi daga mai kaya, banki ya saya, ya sayar maka da riba sananniya, a raba biya wata-wata. Farashin da aka sa wa hannu ba ya ƙaruwa da kwanaki, kuma in an ci tarar jinkiri sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Kada dai a ɗauka araha ce. In ka lissafa ribar murabaha ta shekara, ba lallai ta gaza ruwan wani bankin ba. Abin da ka samu shi ne ka san iyakar abin da ke kanka tun ranar farko, ga kuma natsuwar addini ga wanda ita ce ta kai shi. Abin da ka rasa shi ne sauri. Wanda aka kwantar wa da mara lafiya a Shika da daddare, murabaha ba za ta fitar da shi ba, domin sai an cike takardu an jira amincewa. Mai shirin ƙaura ya fara tara ɗan abin ko-ta-kwana, ko ya riƙe adashe ko ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikinsa.

Yanzu cajin da zai bi ka duk inda ka je. Kundin caji na Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 ya yanka kuɗin tura kuɗi zuwa wani banki: naira 10 in bai wuce 5,000 ba, 25 har zuwa 50,000, 50 in ya haura haka, a ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wato 10.75 da 26.88 da 53.75. Naira 50 da ake cirewa a kan tiransifar da ta kai 10,000 ta gwamnati ce, ba bankin da zai yafe ta. Kuɗin alat na tes ma yana nan, sai dai ka koma na imel da na manhaja da ba a biya. Banki mara ruwa ba ya cin ruwa a kan bashi, amma ladan hidima halal ne a wurinsa, kuma yana karɓa.

Wanda ya fi su nauyi, kuma mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne kuɗin kula da asusun karant: a kundin na 2020, har naira 1 a kan kowace 1,000 da ta fita zuwa ga wani, ko zuwa asusunka na wani banki. Ga mai albashin 200,000 naira 215 ce a wata har da VAT, ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Ga mai sarin hatsi ko taki da miliyan 30 ke ratsa asusunsa a wata, 32,250 ce, wato 387,000 a shekara. Kundin ya ce naira 1 ita ce iyaka, ana iya sasantawa ƙasa da haka. Ɗan kasuwa mai juya kuɗi sosai ya zauna da manaja tun kafin ya buɗe asusu, ya ce ranka ya daɗe nawa za a bar mini, a kuma rubuta a takarda, domin manaja yana canjin reshe, alkawarin baki kuwa ba ya bin fayil. Ma'aikacin da ba ya rubuta cak kuma ya tambayi kansa me zai yi da karant tun farko. Asusun ajiya ba ya biyan wannan kuɗi, naira 50 kawai kundin na 2020 ya sa duk wata uku a kan katinsa.

Inda bankuna marasa ruwa suka fi rauni shi ne yawan rassa da na'urori. Tun 1 ga Maris 2025 aka soke cirar kyauta sau uku a ATM ɗin wani banki. Yanzu naira 100 ce a kan kowace 20,000, kuma in na'urar ba a harabar banki take ba ana iya ƙara har 500. A na'urar bankinka ne kawai ba a cire komai. Saboda haka kafin ka zaɓa, duba hanyarka ta kullum. Mai zama a Samaru yana aiki a cikin jami'a ba ɗaya yake da mai zama a Tudun Wada, Gyallesu ko cikin Birni ba. In sai ka hau keke napep zuwa da dawowa kafin ka ga na'urar bankinka, abin da ka tsira da shi ya tafi a kuɗin mota, ko ya ƙare a hannun mai POS na bakin layi. Gwada manhajar ma da ƙaramin kuɗi a ranar da albashi ke shiga, domin ranar ce ake gane mai ƙarfin sabis, ba ranar 12 ga wata ba.

Ta fuskar tsaro ba bambanci. NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, tana tsaya wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci tun 2024, marasa ruwan ma suna ciki, a bankin maikurofainans kuwa miliyan 2 ne. Soke lasin bankin Heritage a Yunin 2024 ya tuna wa mutane cewa wannan lamba ba ado ba ce.

Ita ƙaurar kanta aiki ce, kuma kai za ka yi ta da ƙafarka. A Ingila akwai tsarin da sabon banki ke kwaso komai daga tsohon cikin kwana bakwai na aiki. A nan ba mu da shi. Ka fara da karɓar bayanin asusu na wata shida. Na wata-wata kyauta ne, in ka nemi a buga maka na musamman bai kamata ya wuce naira 20 a shafi ba. Bi shi layi-layi da biro, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ke fita da kansa: biyan bashi, kuɗin ƙungiya, abin da aka ɗaure da kati. Sannan ka buɗe sabon asusu alhali tsohon na nan da ransa.

Za a nemi BVN da NIN, hoto, takardar wuta ko wata shaidar adireshi, da mutum biyu masu karant da ya kai wata shida su tsaya maka. Wuri uku ake maƙalewa. Na farko suna: BVN ta ce Muhammad, NIN ta ce Mohammed, ko an juya sunan uba ya koma gaba, ko ranar haihuwa ta saɓa. Danna *565*0# a layin da ka yi rajista ka ga lambar BVN ɗinka, ka gyara saɓanin tun kafin ka shiga layi. Na biyu masu tsayawa: fom ɗin sai ya je bankinsu an tabbatar, in sa hannun ya bambanta da na fayil ko asusun ya yi barci, a dawo da shi, kai kuma ba wanda zai kira ka. Zaɓi wanda ke amfani da asusunsa kullum, in so samu ne a bankin da za ka shiga. Na uku adireshi. A cikin Birni gida da yawa ba lamba, takardar wuta kuma da sunan kaka take. Rubuta kwatance yadda za ka yi wa baƙo, bayan masallaci kaza, zaure mai koren ƙyaure, ka kuma gaya wa mutanen gida za a zo tambaya. Yaro ɗaya a ƙofar gida ya ce bai san mai wannan suna ba, saboda da laƙabi aka san ka, ya isa a rubuta ba a samu adireshi ba.

Mai albashi zai kai sabuwar lamba sashen kuɗi na wurin aikinsa, kuma galibi sai ya haɗa da takardar shaidar cewa tsohon banki ba ya bin sa bashi. A nan ne mai niyyar gudu yake cin karo da bango. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin GSI: wanda ya sa hannu a kansa lokacin cin bashi, in ya ƙi biya, bankin zai bi BVN ɗinsa ya ɗebi uwar kuɗi da ruwan da ya taru daga asusunsa na kowane banki. Sunansa kuma yana wurin masu rajistar bashi irin su CRC da FirstCentral, inda sabon bankin zai leƙa kafin ya saya masa ko da keken ɗinki. Ka nemi a rubuta maka jimillar abin da zai rufe bashin a rana kaza, ka biya, ka karɓi takardar. Canjin lamba yakan ɗauki wata ɗaya ko biyu kafin ya hau jadawalin albashi, don haka kada ka rufe tsohon asusu sai ka ga albashi ya sauka a sabon sau biyu. In akwai cak ɗin da ka bayar bai dawo ba, bar kuɗinsa a ciki. Cak ɗin da ya dawo saboda ba kuɗi yana jawo tara, kuma laifi ne a dokar 1977 da ke iya kai mutum gidan yari shekara biyu.

Idan lokacin rufewa ya yi, kada ka yi abin da yawancin mutane ke yi, wato a kwashe kuɗi a jefar da kati a manta. Asusun da aka bari a buɗe caji na iya taruwa a kansa. Rubuta takardar rufewa, mayar da ragowar cak da kati, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Rufe asusu kyauta ne a ka'idar Babban Banki. In bitar da ka yi da biro ta nuna an cire maka abin da ya wuce ka'ida, shigar da ƙorafi a rubuce kafin ka rufe, ka karɓi lambar ƙorafin. Banki na da wa'adin da zai warware. In ya wuce ba a warware ba, sai ka kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na Babban Banki, da kwafin takardar da shafukan da ka ja wa layi.